Dillali ya ce zai samo mini biza ta hanyar Scientology

Wani matashi ya rubuto daga Amurka. Ya gama digiri, izinin aikinsa na OPT, wanda ake ba ɗaliban ƙasashen waje bayan sun gama karatu, saura wata huɗu ya ƙare. Dillali ya ce ya kawo dala 3,000 a samo masa bizar R-1, ta ma'aikatan addini, a ƙarƙashin cocin Scientology, wani addini da aka kafa a Amurka. Baffansa a gida ya ce ya sa hannu kawai, addini a zuci yake, kuma kowane addini ana sukarsa. Tambayarsa: gaskiyar baffa ce?

Ƙanena, fara da takardar. Ba a ba da R-1 sai ga wanda ya cika shekara 2 yana bin addinin kafin ranar da aka shigar da fom I-129, kuma cocin ne ke shigarwa, ba dillali ba. Kai ko kwana ɗaya ba ka yi ba. Ke nan abin da yake sayar maka shi ne takardar shaidar ƙarya. Haka waɗannan mutanen ke yi: su karɓi kuɗi, su ƙago wasiƙa, ranar da hukumar shige da fice ta Amurka, USCIS, ta zo duba wurin aiki sai lambarsu ta daina shiga. Wanda aka kama da ƙarya a neman biza, haramcin shiga Amurka na har abada ne a kansa, kuma sunanka ne a fom ɗin.

Ko da ta gaskiya ce, bizar ɗaure take da wanda ya ɗauke ka. In ka bar aikin, doka ta ce cocin ya sanar da hukuma cikin kwana 14.

Batun suka kuwa, baffa ya faɗi rabin gaskiya. Aƙidar kowa abin mamaki ce a idon wanda ba ya binta, Musulmi a Turai sun san ɗacin wannan. Amurka ma ta amince da Scientology a matsayin addinin da ba ya biyan haraji tun 1993. Sai dai yawancin sukar da ake mata ba a kan aƙida take ba, a kan kuɗi, sirri da hanyar fita take. Alƙur'ani da Baibul a kasuwa suke, kowa ya saya ya karanta daga bango zuwa bango. Koyarwar L. Ron Hubbard, wanda ya kafa cocin, hawa-hawa ce: kowane mataki da kuɗinsa, na sama kuma a ɓoye suke sai ka biya ka kai. Akwai zaman da za a ba ka gwangwanaye biyu na wata na'ura ka riƙe, ana yi maka tambayoyi kan rayuwarka, ana rubutawa a fayil. Ka yi tunanin mai matsalar takardu a wannan kujera. Ma'aikata na sa hannu a kwantiragin shekara biyu da rabi ko biyar, 'yan Sea Org kuwa, rukunin da suka sadaukar da rayuwarsu ga cocin, na shekara biliyan ɗaya, kuma tsofaffin mambobi sun ba da labarin albashin da bai kai ya kawo ba, da takardar bashin kwasa-kwasai da ake miƙa wa wanda ya fita, da yanke hulɗa da dangin da ke sukar cocin. Cocin na cewa yanke hulɗar zaɓin mutum ne. Kotun Faransa dai ta same su da laifin zamba a 2009, babbar kotu ta tabbatar a 2013.

Suna cewa kana iya riƙe addininka. Amma suna koyar da cewa ruhi ya sha rayuwa a wasu jikkunan kafin wannan. Ka tambayi malaminka yadda hakan zai zauna da tashin alƙiyama.

Baffa kuma, da girmansa, bai kyauta ba. Mutumin da ba zai yarda ɗan cikinsa ya rantse a kan ƙarya a gaban alƙali ba, bai kamata ya tura ɗan ɗan'uwansa ya yi don kada kuɗin da yake aikowa gida duk wata ya tsaya ba. Ka gaya masa cikin ladabi cewa kuɗin zai ragu na ɗan lokaci.

Makon nan ka je ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arka. In karatunka na kimiyya ko fasaha ne, kana iya neman ƙarin wata 24, amma dole ka nema kafin izinin ya ƙare, kuma kamfaninka ya kasance a tsarin E-Verify, na gwamnati na tantance izinin ma'aikata. In ba haka ba, kana da kwana 60 bayan ƙarewarsa ka koma wani karatun ko ka fita salin-alin. Dala 3,000 ɗin nan, ka kai wani ɓangarensu wurin lauyan shige da fice mai lasisi.