Tambayi Likita: Suga ya faɗi, aka ce iska ce

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyarmu na da ciwon suga, tana shan ƙwayar rage suga mai suna Daonil. Ran Litinin ta sha maganin da asuba ta ɗauki azumin nafila, wajen azahar sai gumi ya rufe ta, hannu na rawa, tana magana ba kan gado, gwaggonmu ta ce ai iska ce aka dinga tofi da hayaƙi har la'asar, sai da ta daina amsawa muka kai ta asibiti. Ana sa mata ruwan suga a jijiya ta farka kamar ba ita ba, amma suka ce sai ta kwana. Ni na ɗauka hawan suga ne kaɗai ke da haɗari?
'Yar'uwarku daga Zariya

AMSA: Wa'alaikumus salam, Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Wallahi 'yar'uwa faɗuwar suga ta fi hawansa saurin illa, don ƙwaƙwalwa da suga take aiki kuma ba ta da ma'ajiyarsa, in ya yanke mata na sa'o'i sai jijjiga, sai doguwar suma, wani ya farka da taɓuwar ƙwaƙwalwa wani ma ba ya farkawa. In na'urar gwaji ta nuna ƙasa da 70 (ko 3.9 a wasu na'urorin) to ya faɗi, ƙasa da 54 kuwa gaggawa ce.

Tofi ba laifi ba ne, amma a yi shi ana ba ta suga. Tun lokacin gumin nan da kun dama cokali uku na shayi na sukari a ruwa, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi, ta karya azumin ta sha, bayan minti 15 a sake gwadawa, sannan ta ci abinci. In ta suma kuma kar a ɗura mata komai a baki, zai iya bin hanyar numfashi ya shaƙe ta, a kwantar da ita ta gefe a nufi asibiti. Da kun isa kar ku tsaya layin kati, ku faɗa wa nas da ƙarfi cewa mai ciwon suga ce kuma ga maganin da ta sha, ku nuna kwalin. Gwajin ɗigon jini ɗaya ne a yatsa.

Kwanan da suka ce ta yi daidai ne. Daonil yana daɗewa a jiki, musamman ga tsofaffi da masu matsalar ƙoda, sugan zai iya sake faɗuwa cikin dare bayan ta farka. Don Allah kafin ta ƙara azumi ku koma wajen likitanta ya duba ko zai canza mata maganin.