Muryar da Yaya ya turo kan maganar kadet da tiransifa

Salamu alaikum jama'ar gida. To ƙanena na ji saƙonka, wai kana aji biyu a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, kana son ka yi tiransifa zuwa Gusau ko wata jami'a ka shiga kadet ɗinsu, ko za su karɓe ka tunda ba da su ka fara ba. Ni dai abin da na fahimta, soja kake so, kana kewaye-kewaye ne kawai don Inna tana cikin gurup ɗin nan.

To saurara. Kadet na jami'a da Man O' War duk ƙungiyoyin ɗalibai ne, ko daga ina ka zo in kana da katin makaranta ka sayi fom ka jure gudun asuba za su ɗauke ka, sai dai a ƙasa za ka fara, yaron da ka girma a aji shi zai riƙa ba ka oda kana tsallen kwaɗo. Amma wallahi ko shekara goma ka yi kana fareti a filin ƙwallon makaranta ba mai maƙala maka anini a kafaɗa. Abin da kuke gani a waya na Amurka, ɗalibi yana jami'arsa yana horon soja ya gama ya fito hafsa, nasu tsarin ne, mu nan ba mu da shi.

Mu ƙofarmu NDA ce ta Kaduna, makarantar horar da hafsoshin soja, tun 1964 take, kuma ita ba ta san wani tiransifa ba. Aji biyun nan naka ajiye shi za ka yi, ka sake zana JAMB ka sa ta zaɓin farko, ka yi jarabawarsu ta tantancewa, in ka haye a kira ka gaban kwamitin zaɓe a auna tsawonka a duba jini da ido da ƙafa, sannan ka fara daga tushe, sojan ƙasa shekara 5. Kuma kowace jiha da kasonta, ku 'yan Kebbi da junanku za ku kara. Ga maganar shekaru, yara suke so, waɗanda ba su wuce ashirin da 'yan kai ba, kuma mara aure. Kai shekarunka nawa yanzu? Na gaskiya fa nake nufi, na takardar haihuwa, kar wani ya ce maka je kotu ka yi rantsuwa ka rage, can ake kama mutane.

Abin da ke ƙona min rai ma kenan, kun tuna yaron maƙwabcinmu na tsohuwar unguwa, wani mai bakin zaƙi ya zo ya ce yana da oga a sama, yana da gurbi, uban ya sayar da buhunan shinkafar da ya nome a fadama ya ba shi, yaro ya bar makaranta yana aji uku, har aski ya yi ya sayi akwatin ƙarfe, ana ta yi masa kirari a majalisa. Suna ya fito babu shi. Mutumin ya ce a jira jeri na biyu, aka jira, waya ta daina shiga. Na je da kaina na yi wa uban magana tun farko ya ce baƙin ciki nake yi, ni! Har yau in mun haɗu a masallaci gaisuwar sama-sama ce. Yaron yanzu yana cajin waya a bakin tasha, kai bari dai.

Ina nake ma... yawwa. In shekaru sun wuce, ka zauna inda kake ka gama digirinka, ka yi bautar ƙasa, sai ka nemi DSSC, wato ƙofar shiga hafsa ta masu digiri, ko gajeren kwas na hafsoshi, watanni ne na horo ka fito da aninanka, amma sai sakamakonka ya yi kyau, don haka wannan yawon tiransifa da zai iya mayar da kai baya a aji ban ga amfaninsa ba. Kurtu kuma Depot na Zariya ne, wannan daban, kar ka haɗa.

Kadet ɗin in kana so don jiki ya saba, shiga na makarantarku, ban hana ba. Ka turo min hoton takardar haihuwarka da sakamakon WAEC ta gefe, ba a gurup ba, kuma ka faɗa wa Inna da bakinka kafin dare.