Bakwaini Na Haifa, Me Ya Sa Za A Duba Idonsa?

Tambaya: Salam likita, na haifi bakwaini a sati 30, kilo 1.3, ya yi kwana goma a kwalba da oksijin a hanci. Yanzu an ce a kai shi gwajin ido alhali ni idonsa garau nake gani. Dole ne?

Amsa: Wa'alaikumussalam 'yar uwa, Allah ya raya mana. Eh dole ne fa, don Allah kar ki yi wasa da shi. Jijiyoyin jinin da ke can bayan ido ba sa gama tsirowa sai ciki ya kusa cika wata tara, to in yaro ya fito da wuri sai su tsiro a karkace, wani lokacin har su janyo fatar ganin ta ɓalle, kuma duk wannan daga waje ba za ki ga komai ba.

Waɗanda abin ya fi kamawa su ne 'yan ƙasa da sati 32 ko kilo 1.5, sai wanda ya daɗe a oksijin musamman in ba a auna shi daidai, ga kuma shigar ƙwayoyin cuta cikin jini, ƙarin jini, da yaron da ba ya ƙara nauyi. Naki ya haɗa uku.

Oksijin ɗin shi ya ceci ransa, kar ki zargi kowa. Wajen sati huɗu da haihuwa ake fara dubawa, in an kama da wuri akwai leza, wato aikin ido da ake yi da haske, ko allurar ido. Duk ranar da suka ba ki, ki koma.