Ga ƙanena mai shirin zuwa Providence da ƙarfin ƙirji

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce wata kwaleji a nan Providence, a Amurka, ta ba ka gurbin karatu, kuɗin shekara ɗaya ne a hannu, sauran kuma da aikin dare za ka haɗa, tunda a cewarka kai ƙarfi gare ka, barcin awa huɗu ma ya ishe ka. To, garin nan ya taɓa ganin mai ƙarfi, bari in ba ka labarinsa.

Sunansa Charles Radbourn, ana masa laƙabi da Old Hoss. An haife shi a 1854, iyayensa baƙi ne daga Ingila, ubansa mahauci. Shi ma ya yi fawa, ya yi aikin jirgin ƙasa, kafin wasan besbol ya zama sana'arsa. A wasan nan akwai mutum ɗaya da ke jefa wa mai riƙe da gora ƙwallo, kuma kusan duk nauyin wasan a dantsensa yake. Aikin Radbourn ke nan a ƙungiyar Providence Grays, a zamanin da ake kama ƙwallo da tsirar hannu.

A 1884 manyan masu jifa biyu ne a ƙungiyar, shi da wani saurayi Charlie Sweeney, ba sa ga maciji. Cikin watan Yuli Sweeney ya yi rigima da shugabanni ana tsakiyar wasa, ya fice, ya koma wata ƙungiya a birnin St. Louis. Ƙungiya ta shiga tsaka mai wuya. Sai Radbourn ya ce a bar masa jifan, amma a ƙara masa kuɗi, kuma in an ci gasar a sake shi. Ka lura da sharaɗi na biyun. A lokacin ƙungiya ke riƙe da ɗan wasa, ko kwantiraginsa ya ƙare ba shi da ikon komawa wani wuri sai da yardarta.

Daga nan kusan kullum shi ke jifa. Wasa 73 ya fara a shekarar, dukkansu ya kai su ƙarshe da kansa, ya jefa zagaye sama da 678 (zagaye-zagaye ake raba kowane wasa). Yau wanda ya kai 200 jinjina masa ake yi. Ya ci wasa 59, wasu masu ƙidaya suna cewa 60, kuma har yanzu ba a kamo shi ba. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne safiyarsa: yakan tashi hannun ya ƙi ɗaguwa, ko taje gashinsa ba ya iyawa. Sai ya riga kowa zuwa fili, ya fara jifa a hankali daga taku kaɗan, yana ja da baya, har kafaɗar ta saku. Suka ci gasar, suka kuma doke ƙungiyar New York Metropolitans sau uku a jere, duk shi ya jefa. Da aka ba shi 'yancin da ya nema, sai ya zauna abinsa a ƙungiyar. Bayan kakar 1885 ƙungiyar ma ta watse.

Bai sake yin shekara irin wannan ba. Ya bar wasa a 1891, ya buɗe mashaya a Bloomington ta jihar Illinois, harsashin farauta ya ɗauke masa ido ɗaya, ya mutu a 1897 yana da shekara 42.

Shi ko ba komai ya yi cinikin ƙarfinsa, ya faɗi farashi. Kai bizar ɗalibi ba ta ba ka wannan damar ba. Awa 20 a mako aka yarje maka in ana karatu, kuma a cikin makaranta: ɗakin karatu, kicin, ko makamancinsu. Aikin dare a waje ba izini, in aka gano, zamanka ne zai lalace, don takardarka a hannun makarantar take. Kuɗin awa 20 ɗin kuwa abinci, haya da rigar sanyi za su lashe shi, bai taɓa kuɗin makaranta ba.

Kafin Baba ya sayar da gonar nan da ka ambata, rubuta wa ofishin ɗaliban ƙasashen waje, ka tambaye su ƙarara wane tallafi ake samu a shekara ta biyu, su ba ka amsa a rubuce. Ka turo min ita tare da adadin kuɗin da aka sa a takardarka ta I-20, wato wadda makaranta ke bayarwa don neman bizar ɗalibi, mu yi lissafin tare. Ka gaishe min da su Inna.