Shin 'yan jabun kuɗi na ƙauyukan Ingila jaruman talakawa ne?

Tambaya: Malam, ɗana ɗalibin tarihi ne, kuma kwanan nan ba shi da magana sai ta 'yan jabun kuɗin Cragg Vale. Wai jarumai ne, sarkin Ingila kaɗai suka cuta, talaka ya samu na abinci. Yadda yake yabonsu ya fara tayar mini da hankali. Gaskiya ne?

Amsa: Hajiya, kina da gaskiyar damuwa. Talaucin ba ƙarya ba ne. Cragg Vale kwari ne a yankin Yorkshire, kusa da Halifax, mutanensa masaƙan ulu da ƙananan manoma. A shekarun 1760 kasuwar ulu ta yi sanyi, tsabar kuɗi kuma ta yi ƙaranci. Nan David Hartley, wanda suke kira Sarki Dauda, ya tara jama'arsa. Sukan karɓi gini, wato tsabar zinariya mai darajar sule 21, su aske gefenta da almakashi, su gyara bakin da magagari, su mayar da ita kasuwa. Ɓarɓashin sai a narkar, a buga sabon kuɗi, sau da yawa da tambarin kuɗin Fotugal da ke yawo a Ingila kan sule 27.

To, batun "sarki kaɗai suka cuta" shi ne ya ishe ni. Kullum sai na ji shi, yawanci daga bakin masu tallar labari don a kalla. Sarkin Ingila bai taɓa riƙe ginin da aka aske ba. Tsabar tana zagayawa ne hannu zuwa hannu har ranar da wani ya ɗora ta a sikeli. Attajiri yana da sikeli, yana kuma da bakin cewa ba ya karɓa. Masaƙin da aka biya ladan aikinsa da ita fa? Shi zai kai wa mai hatsi, a auna a gabansa, a ce ba ta cika ba. Da dokar 1773 ta ba da damar ƙin zinariyar da ta gaza nauyi, wanda ta kwana a hannunsa shi ya ɗauki asara.

Shirun da mutanen ƙauyen suka yi, suka ƙi tona asirin 'yan jabun, shi ma ba duk ƙauna ba ce. Wasu ana ba su kaso, wasu tsoro ya rufe musu baki. A Nuwamban 1769 aka harbe William Deighton, jami'in harajin da ke bincikensu, da dare kusa da gidansa a Halifax, kuma haya aka yi ta makasan. An rataye Hartley a York ranar 28 ga Afrilu, 1770, makasan biyu suka bi baya a 1774 da 1775.

Kada ki hana shi karatun. Ki zauna da shi, ki ce ya bi miki gini ɗaya da aka aske, daga almakashin Hartley har hannun ƙarshe, ya faɗa miki wanda ya biya.