Tambayi Kawu: Me likitan haƙori zai yi a gidan soja?

Tambaya: Assalamu alaikum Kawu. 'Yata ta biyu ta gama karatun likitan haƙori a Jami'ar Maiduguri, ta yi hidimar ƙasa, yanzu ta kafe ita soja za ta shiga. Babanta ya ce magana tana hannuna. Abin da ya ɗaure mini kai, me mai cire haƙori zai yi a cikin masu bindiga? Ba asarar karatun shekara shida ba ce? Daga wata uwa, Unguwar Jahun, Bauchi.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa wa karatun albarka. Tambayarki ta faɗo a kan gaɓa, domin ni a asibitin bariki na yi aikin jinya har furfura ta fito mini.

Bari in ba ki labarin wani kofur, ƙato ne wanda in ya tsaya a ƙofa sai ya cika ta. An kawo mana shi daga daji kuncinsa ya kumbura kamar ya ɓoye mangwaro a baki. Turminsa na ƙasa ne ya yi kogo. Ya sa kanumfari, ya danna garin taba, daga ƙarshe wani abokinsa ya ba shi shawarar ruwan batir. Kwana uku bai runtsa ba, ga shi yana cikin masu gadin dare. Bakin ma ba ya buɗuwa fiye da faɗin yatsa ɗaya. Kafin a fito da shi sai da aka ware mota da masu rakiya, kin ga haƙori ɗaya ya janye mutane da yawa daga bakin aiki. Likitan da ya karɓe shi wani kyaftin ne siriri, mara hayaniya. Ya tsaga wurin ya matse mugunya, ya ɗora shi a kan allurai, sannan ya cire haƙorin. Ina wanke kayan aiki yake ce mini irin wannan kumburin in ya gangara ƙarƙashin harshe ya kama wuya, numfashi yake toshewa, mutum ya tafi ana kallo.

Amma wannan ai kashe gobara ce. Babban aikinsu ana yin sa ne tun kafin a ɗaura kaya: a duba bakin kowane soja, a cike kogo, a wanke dasashi, a cire turmin ƙarshe da ke fitowa a karkace tsakanin shekara 17 zuwa 25, daidai shekarun da yara ke shiga soja. Wanda aka gyara masa baki bai yi ciwo a daji ba, ba zai tuna ya yi godiya ba, shi ya sa ba a cika jin sunansu ba.

Turawa ma sai da suka sha wuya suka gane. Amurka ta kafa sashen likitocin haƙori na sojan ƙasa a 1911, Ingila kuwa sai 1921, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. A yaƙin nan na 1914 zuwa 1918 ciwon ruɓewar dasashi ya addabi sojojin da ke kwana cikin ramuka har aka laƙaba masa sunan ramin, kuma likitocin haƙori na cikin waɗanda suka yi ta haɗa muƙamuƙan da harsashi ya farfasa. Wannan aikin na muƙamuƙi har yau nasu ne. Nan Bauchi muna da sojan sama, ki tambaye su, ƙaramin kogon da bai damu mutum a ƙasa ba yakan tashi da azaba in jirgi ya lula sama, saboda canjin matsin iska. Akwai kuma aikin da ba a son faɗa: in gawa ta ƙone ba a gane fuska, bayanan haƙora na iya nuna ko wane ne, iyalinsa su samu su yi masa sutura.

Ba zan ɓoye miki ba, Hajiya, in ta sa kaki ta zama soja kafin likita. Tana iya zama a Barikin Shadawanka kusa da ke, ana iya tura ta asibitin soja na 44 a Kaduna ko na 68 a Yaba, Legas, ana kuma iya cewa ta nufi Borno, babu musu. Hanyar shigar masu digiri irinta ita ce DSSC: horon 'yan watanni, ta fito hafsa, muddin lasisinta na hukumar likitoci yana nan daram. Ta jira sanarwar rundunar da kanta, duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai sama mata gurbi ɗan damfara ne.

In ni ne ke, zan sa mata albarka. Ranar da ta sa anini a kafaɗa, ki ce mata Kawu yana da wani turmi na hagu da goro ya gama da shi, yana nan zuwa.