Amfilifaya na ɗauke kanta ana tsakiyar biki

Ka ce amfilifayoyi ukun da ke cikin akwati ɗaya suna mutuwa idan taro ya yi nisa. Zafi ne, malam. Cire murfin gaba da na baya, ka janye akwatin daga bango, ka wanke soson da ke tace iska, don ƙurar hunturu tana toshe shi. Sa hannu ka ji inda kowace fanka ke hurawa: wata gaba take fitar da iska, wata baya, sai ɗaya ta riƙa shaƙar zafin ɗaya.

Amma duba lodinka, wato sifikokin da ka haɗa wa kowace amfilifaya. Sifika huɗu masu om 8 a layi ɗaya, jan waya da ja, baƙa da baƙa, sun koma om 2 (om ma'aunin yadda sifika ke tare wutar lantarki ne; idan ya ragu, lodi ya ƙara nauyi). Yawancin ƙananan amfilifayoyi ba sa jure haka, ko ka ƙara fanka. Rage sifikokin zuwa biyu.